Babi Na Bakwai: Wanda Ya Koma 'Yar Gidan Jiya

Daga cikin waɗanda suka ɗaura niyyar rage ƙiba, ko don likita ya auna jininsu ya ce sukari ya fara hawa, ko don gwiwoyi sun soma ciwo wajen tasowa daga sujada, ko kuwa don numfashi yana yi musu wuya in sun hau bene, kaɗan ne ƙwarai suke bin hanyar daga farkonta har ƙarshenta ba tare da sun waiwayi tsohuwar al'adarsu ta ci ba. Galibi abin da kan faru shi ne mutum ya yi wata biyu ko uku yana kiyaye dokar da ya gindaya wa kansa, ya rage malmalar tuwo, ya bar lemon kwalba, ya riƙa zaga unguwa da ƙafa bayan sallar Asuba, har wando ya fara yi masa yawa, sa'an nan wani sha'ani ya gitta, biki ko suna ko Babbar Sallah ko tafiya ko rasuwa, sai ya ce bari dai wannan makon ya wuce, makon ya zama wata, watan ya zama damina guda, ba zai farga ba sai ranar da ya kai ɗinki, tela ya zagaya tef a ƙugunsa, ya duba littafin awo, ya sake dubawa, ya ce, "Alhaji, awon bara ba zai yi ba, sai mun ƙara inci biyu."

Domin mai wannan hali aka rubuta wannan babi, kuma ina so in gaya masa tun da fari cewa naman da ya dawo jikinsa shi ne ƙaramar hasararsa. Babbar hasarar ita ce hukuncin da yakan yanke wa kansa a wannan rana, inda zai ce a ransa shi dai ba shi da ƙarfin zuciya, ko ya ce ƙiba gadon gidansu ce, haka Allah Ya halicce shi, alhali kuwa 'yan watanni kaɗan da suka wuce ya gani da idonsa cewa jikin nan yana sauka idan aka bi da shi yadda ya kamata. Wanda ya yanke wa kansa irin wannan hukunci yakan daɗe bai sake gwadawa ba, kuma a cikin wannan tsakani ne hawan jini da ciwon sukari suke samun sararin kafuwa.

Ya kamata mai karatu ya san cewa jikin ɗan Adam ba ya sakin kitsen da ya tara cikin daɗin rai, kuma masana sun daɗe da tabbatar da haka. A shekarar 1944, ana cikin Yaƙin Duniya na Biyu, wani malamin Jami'ar Minesota ta Amurka mai suna Ancel Keys ya tara samari 36 lafiyayyu waɗanda suka ba da kansu, domin a gane abin da yunwa ke yi wa mutum da yadda za a farfaɗo da waɗanda yaƙi ya bari cikinta a ƙasashen Turai. Aka yi wata shida ana ba su kimanin rabin abincin da suka saba ci, har suka zubar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu. Abin da ya fi ɗaukar hankali a labarin shi ne halin da zukatansu suka shiga, domin ba su da wata hira sai ta abinci, waɗansunsu har suka shiga tara littattafan girke-girke suna karantawa. Da aka sakar musu linzami kuwa, sai suka dinga ci ba ƙaƙƙautawa, ciki ya cika amma rai bai ƙoshi ba, har da yawa daga cikinsu suka zarce nauyin da suka fara da shi kafin daga bisani al'amari ya daidaita. Mutanen nan ba a san su da haɗama ba tun asali, bal ma an zaɓe su ne saboda lafiyar jiki da natsuwar hankali.

Sababin wannan bai bayyana sosai ba sai bayan shekara hamsin. A 1994 Jeffrey Friedman na Jami'ar Rockefeller da abokan aikinsa suka gano wani sinadari da ake kira leftin, wanda kitsen jiki ke zubawa cikin jini domin ya sanar da ƙwaƙwalwa yawan ajiyar da ake da ita, ta yadda idan kitse ya ragu shi ma sai ya ragu, ƙwaƙwalwa ta ɗauka fari ya sauka, ta ƙara yunwa ta kuma rage kashe ƙarfi. A 1999 kuma masana a Japan suka gano girelin, wanda ciki ke fitarwa yana kiran mutum zuwa ga akushi. Sa'an nan a 2011 likitoci a birnin Melbon na Ostareliya suka buga sakamakon wani bincike da suka fara da mutum 50, waɗanda aka tsananta musu abinci na mako goma suka rage kimanin kilo 13 a matsakaicin lissafi. Da aka sake auna jininsu bayan shekara guda cur, sai aka tarar girelin yana nan sama, leftin yana ƙasa, kuma yunwar da suke ji ta fi wadda suke ji tun kafin su fara. Wato mutumin da ya rage ƙiba yana zaune gaban tuwo ɗaya da maƙwabcinsa, amma kiran da cikinsa ke yi masa ya fi na maƙwabcin ƙarfi, ba tare da ya sani ba.

Ban kawo waɗannan hujjoji domin in ba kowa uzurin naɗe hannu ba. Na kawo su ne domin mai wannan jihadi ya san da wa yake kokawa, ya daina ɗora wa imaninsa da mutuncinsa laifin abin da ɗabi'ar jiki ce, ya kuma sanya komawar yunwa cikin lissafinsa tun daga farko. Manomin da ya yi noman firi, ya dawo bayan mako uku ya tarar ciyawa ta sake rufe gero, ba ya cewa gonar ta ƙi shi ko shi ba manomi ba ne. Ya san tun ranar shuka cewa akwai maimai a gaba, sai ya ɗauki fartanya ya koma.

Akwai kuma wani tarko wanda yake cikin zuciya, kuma a ganina shi ya fi na jiki cin mutane. Tun daga 1975 wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna C. Peter Herman, da kuma daga baya abokiyar aikinsa Janet Polivy a Jami'ar Toronto ta Kanada, suka riƙa yin wani gwaji mai sauƙi: a ba mutum madara mai kauri da sukari ya shanye, sa'an nan a ajiye masa wani kayan zaƙi a ce ya ɗanɗana ya faɗi ra'ayinsa, ya ci iya son ransa. Waɗanda ba su ɗaure kansu da wata dokar abinci ba sai su ci kaɗan, tun da sun riga sun sha abu mai nauyi, kamar yadda hankali zai ɗauka. Amma masu tsananta wa kansu doka sai su ci fiye da yadda za su ci da ba a ba su madarar ba, domin a wurinsu ranar ta riga ta ɓaci, kuma in za ka sha giya sha ta dubu. Wannan tunani kowa ya san shi: an ci waina biyar da safe a gidan suna, don haka da rana a ƙara da shinkafa da kaza, da dare a aika a sayo tsire, gobe a fara sabon lale, goben kuwa ta faɗo ranar Laraba, to a bari sai Litinin. Wani malami kuma, G. Alan Marlatt na Jami'ar Washinton, wanda ya yi aiki da masu son barin giya da taba, ya nuna a littafin da suka fitar shi da Judith Gordon a 1985 cewa abin da ke mayar da tuntuɓe guda ya zama faɗuwa gaba ɗaya shi ne fassarar da mutum ya yi masa, domin wanda ya ce, "Jiya na je wuri kaza da yunwa, shi ya sa," yana da abin gyarawa a hannunsa, wanda kuwa ya ce, "Ni dama haka nake," ya rufe wa kansa ƙofa.

Malamanmu na tarbiyyar zuciya sun riga kowa sanin wannan ƙofa, ko da yake a kan al'amari mafi girma suka yi maganarsu. Sun karantar da cewa yanke ƙauna bayan zamiya ya fi zamiyar kanta hatsari, kuma zargin kai yana da amfani ne muddin yana kai mutum ga gyara, idan kuwa ya zama abin da ke zaunar da shi to ya koma waswasi. Ba ina cewa cin halaliya zunubi ba ne, matuƙar bai kai ga israfin da aya ta 31 ta Suratul A'arafi ta hana ba. Abin da nake nufi shi ne zuciya ɗaya ce, kuma hanyar da take bi ta karaya a ibada ita take bi ta karaya a wajen kiwon lafiya.

Wani abu da ke ƙara karya gwiwa shi ne sikeli. Mutum ya hau shi kashegarin Sallah ya ga ƙarin kilo biyu, ya ce aikin wata guda ya tafi a kwana uku. Lissafi bai yarda da haka ba. Kilo ɗaya na kitse yana ɗauke da kimanin kalori 7,700, wato fiye da abincin kwana uku na magidanci, kuma sai ya ci wannan a bisa abin da jikinsa ke bukata kafin ya zama kitse. Mafi yawan abin da sikelin ya nuna ruwa ne, domin gishiri da dunƙulen miya da yajin nama suna riƙe ruwa, haka kuma sitacin da jiki ke ajiyewa a hanta da tsoka kowane giram ɗinsa yana tafe da ruwa kusan giram uku. Idan ya koma wa tsarinsa, cikin 'yan kwanaki mafi yawan wannan nauyi zai sauka. Abin da ke mayar da shi kitse na haƙiƙa shi ne makonni shida na fushi da kai da ke biyo baya.

Ko wanda nauyinsa ya dawo da gaske, bai kamata ya ɗauka wahalarsa ta tafi a banza ba. A 2002 aka buga sakamakon wani babban bincike a Amurka kan rigakafin ciwon sukari, wanda ya ƙunshi mutum 3,234 da sukarinsu ya hau amma bai kai ga ciwo ba. Waɗanda aka ɗora a kan gyaran abinci da motsa jiki ba a nemi su zama sirara ba, abin da aka nema shi ne su rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu, wato kilo 7 ga mai kilo 100, su kuma yi tafiyar sauri ta minti 150 a mako. Cikin kimanin shekara uku kamuwa da ciwon ta ragu a cikinsu da kashi 58 cikin ɗari. Da aka bi su har shekara goma, an tarar mafi yawan nauyin da suka zubar ya dawo, amma duk da haka kamuwar da suka yi ta gaza ta waɗanda aka kwatanta su da su da kashi 34 cikin ɗari. Kowane watan da jiki ya yi cikin sauƙi, hanta da jijiyoyi sun ci moriyarsa.

To, ina za a samo himmar sake farawa? A nan ne mutane da yawa suke kuskure, suna zaune suna jiran zafin niyya irin na karon farko ya sake sauko musu, wanda kuwa da wuya ya dawo da irin ƙarfinsa, domin a karon farko tsoro ne sabo da fata sabuwa suka haɗu. A karo na biyu aiki ne ke gaba, himma ta biyo bayansa, kuma aikin sai ya zama ƙarami ƙwarai har nafsu ta rasa dalilin yin gardama. Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekarar 505 ta Hijira, wato 1111 Miladiyya, ya yi bayani a cikin Ihya'u Ulumid Din, a babin karya sha'awar ciki, cewa wanda ya saba da yawan ci ba zai jure a yanke masa kwatsam ba, sai dai da sannu. Ya ba da misalin mai cin gurasa biyu da ke son komawa ɗaya, cewa ya riƙa rage kashi ɗaya cikin ashirin da takwas ko talatin na gurasa kowace rana, sai ya isa muradinsa cikin wata guda ba tare da ya cutu ba. Wannan ya dace da ma'anar hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito daga Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, mai nuna fifikon aikin da aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Masu bincike a wata jami'a ta Landan ƙarƙashin Phillippa Lally sun bi mutum 96 masu ƙoƙarin kafa sabuwar al'ada, suka bayyana a 2009 cewa ana ɗaukar kimanin kwana 66 kafin abu ya zama jiki, waɗansu kwana 18, waɗansu har 254, kuma tsallake rana ɗaya bai rushe ginin ba.

Kafin a ɗauki wannan ƙaramin aiki, akwai muhasaba, wadda ba a yin ta da kuka ko tsine wa kai, sai da takarda da alƙalami. Mutum ya tambayi kansa a wace rana aka fara sakin layi, a wane wuri, tare da wa, kuma cikin wane hali, ko gajiya ko ɓacin rai ko rashin barci ko kunya. Mafi yawan masu yin wannan lissafi da gaskiya sukan tarar cewa ƙofa ɗaya ko biyu ce ɓarna ke shigowa ta cikinsu. Wani teburin mai shayi ne bayan Isha'i, inda hira ke ja har a sha kofi biyu da madara da burodi da ƙwai. Wata kuwa ragowar abincin yara ne da take ƙarasawa don kada a zubar, ko kunu da gashin jego da aka fara don larura aka zarce da su har bayan arba'in.

Ƙofar da ta fi wuyar rufewa a ƙasarmu ita ce ta kunya da zumunci. Magidanci ya je gaida mahaifiyarsa ranar Juma'a, ya durƙusa, ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Ɗan nan, me ya same ka ka zube haka? Ko ba a ba ka abinci a gidan naka?" Kafin ya amsa an sauke masa tuwon shinkafa malmala uku da miyar taushe, man shanu yana yawo a kai, ga kwanon fura a gefe, ita kuwa ta zauna tana kallon hannunsa. Babu ɗan halas da zai ture wannan kwano, kuma ban ce a ture ba. Amma yana iya cin malmala ɗaya da yabon miya, ya ce, "Hajiya, likita ne ya ce in rage saboda jinina, ki sa mini albarka, furar nan kuma a zuba mini in tafi da ita." Uwar da ta ji maganar lafiyar ɗanta ita za ta fara tsare masa dokar a gaba. Abin da ke kayar da mutane shi ne ɓoye niyyarsu ga waɗanda ke ciyar da su, sai a wayi gari uwargida tana ƙara mai a miya don ta faranta wa maigida, shi kuma yana ci don kada ya ɓata mata.

Saboda haka gyaran gida ya fi alwashi amfani. A riƙa auna man girki da cokali maimakon a tuttula daga galan, domin babban cokali guda na man gyaɗa ko manja yana da kimanin kalori 120. Wanda ya saba ci a kwano ɗaya da jama'a, inda hannu ba ya sanin iyakarsa, ya ɗebi nasa a faranti tun farko, ya yawaita ganye irin su zogale da rama da kuma wake, ya tsaya kafin ciki ya cika, bisa ga ma'anar hadisin da Tirmizi ya ruwaito na raba ciki uku tsakanin abinci da abin sha da numfashi. Lemon kwalba kuma kada ya kwana a gida, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da babba ke sha a yini ya wuce kimanin giram 50, wato ƙaramin cokali goma sha biyu, alhali kwalba ɗaya ta rabin lita takan kusanci wannan adadi ko ta wuce shi. Zoɓo da kunun aya da aka cika wa sukari su ma hukuncinsu ke nan. Akwai wani kundi da Rena Wing da James Hill suka buɗe a Amurka a 1994, na mutanen da suka rage aƙalla kilo 13 da rabi suka kuma riƙe hakan shekara guda ko fiye. Mafi yawansu sun taɓa gwadawa a baya suka koma, kuma abin da suka yi tarayya a kai shi ne hawa sikeli a kai a kai da motsa jiki na kimanin sa'a guda a yini, galibi tafiya da ƙafa.

Ina gargaɗin mai karatu da babbar murya game da gajeriyar hanya, domin wanda ya ji haushin kansa shi ne kasuwar masu shayin rage tumbi da jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba. Da yawansu zawo da fitsari kawai suke sawa, ruwa ya fita kitse yana nan, ƙoda kuwa ta ɗauki wahala. Haka nan horon kai da yunwa don ramuwar abin da aka ci, shi ne ainihin abin da ya jefa samarin Minesota cikin halin da aka bayyana. Mai shan maganin sukari ko na hawan jini, da mai juna biyu, da mai shayarwa, kada su canja tsarin abincinsu sai da shawarar likita. Wanda kuma ya ga yana cin abinci mai yawa a ɓoye ba ya iya tsayawa, sa'an nan baƙin ciki ya rufe shi, ya sani wannan larura ce da ake yi wa magani, ya kai kansa asibiti ba tare da jin nauyi ba.

Ya kai mai karatu, idan kai ne wanda ake magana a kansa, kada ka jira Litinin, ko farkon wata, ko azumi mai zuwa. Abincin da za a kawo maka nan gaba, daga kansa za ka fara, ka zaɓi ƙofa ɗaya daga cikin waɗanda muhasabarka ta nuna ka rufe ta, ka bar sauran tukuna. Ka sami igiya ka auna tsawonka daga ƙafa zuwa ka, ka ninka ta biyu ka zagaya cikinka daidai saman cibiya. In bakin biyu ba su haɗu ba, to da sauran aiki, domin likitoci sun ce kada kewayen ciki ya kai rabin tsawon mutum. Ka gaya wa mutum ɗaya a gidanka abin da ka ƙudurta tun yau, kuma a cikin makon nan ka je a auna maka jini da sukari, ka rubuta abin da aka samu da kwanan wata, domin da shi za ka gwada bayan wata uku.